Wanda Ya Je Nassau Sau Goma Bai Ga Nassau Ba

Akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin mutanen da suka mayar da hawa jirgin ruwan shaƙatawa al'ada, irin waɗanda shekara ba ta ƙarewa ba su zaga tekun Karibiyan sau biyu ko uku ba. Kukan shi ne wai zango ya ƙare musu. Duk jirgin da suka duba jadawalinsa, sunayen nan ne dai: Nassau, Cozumel, St. Thomas, St. Maarten, sai tsibirin kamfani. Sun gani, sun sake gani, sun ƙoshi. Wasunsu har tinƙaho suke yi da cewa in jirgi ya tsaya a Nassau ko sauka ba sa yi. Sai su bari sababbin shiga su fita, su kuma su miƙe ƙafa a bakin wurin ninƙaya. Buƙatarsu ga kamfanonin guda ɗaya ce: a kawo sababbin tsibirai.

Cewa jadawalin iri ɗaya ne, wannan ba mu musa ba. Abin da muke musawa shi ne wanda aka ɗora wa laifin da kuma maganin da ake nema. Mai kukan nan da kuɗinsa ya sayi abin da ya haifar da maimaicin. Duk lokacin da aka biya masa buƙata aka buɗe masa sabon zango, wani gari ne ke ɗaukar nauyin, shi kuma ya sauka ya tarar da abin da ya baro jiya.

Ga mai karatun da bai san harkar ba sai a bidiyon TikTok da YouTube, bari mu faɗi girman abin da ake magana a kai. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne. Idan ya cika yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Gari ne guda a kan ruwa, da gidajen abinci da kantuna da gidan caca da wuraren wasan yara. Yana tashi daga Mayami a jihar Fulorida ta Amurka, ya yi dare bakwai, ya dawo inda ya tashi. A cikin makon yakan tsaya wuri uku ko huɗu, ya iso da safe, ya ɗaga kafin magariba.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun saba da irin wannan lissafi. Ka ba kwamfuta wurare ɗari ka ce ta zaɓa maka hanya, sannan ka jera mata sharuɗɗa, to kowane sharaɗi zai zubar da wasu wurare, har abin da ya rage bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ka maimaita tambayar sau dubu, amsa ɗaya za ta ba ka, domin ba ka sauya sharuɗɗan ba.

Sharaɗi na farko lokaci ne. Dole jirgi ya dawo Mayami a rana ta bakwai, saboda wasu dubban mutane na jiran shiga. Gudunsa bai wuce kilomita 40 a awa ba sosai, kuma galibi ba a kai shi ƙarshen gudu don a rage shan mai. Daga Mayami zuwa Nassau, babban birnin Bahamas, kimanin kilomita 300 ne, tafiyar dare ɗaya. Zuwa Barbados kuwa ya kai kilomita 2,600, wato kusan kwana uku zuwa, kwana uku dawowa. Nan take Barbados da Grenada da St. Vincent da Trinidad sun fita daga lissafin tafiyar mako guda.

Na biyu wurin tsayawa ne. Jirgi mai mita 365 yana buƙatar dandamalin da zai jingina, da ruwa mai zurfi, da filin da motoci ɗari za su jira. Tsibirin Grand Cayman ba shi da irin wannan dandamali, da ƙananan jirage ake kwaso mutane daga tsakiyar ruwa zuwa George Town, shi ya sa mafiya girman jiragen ba sa zuwa can. Tashar Nassau, wadda aka sake ginawa da dala miliyan 300 aka buɗe a 2023, tana ɗaukar jirage shida lokaci guda. To, ina jirgi zai je in ba can ba?

Na uku doka ce. Kusan duk waɗannan jirage tutar Bahamas ko Panama ko wata ƙasa suke ɗauke da ita, kuma dokokin Amurka, ciki har da wata ta 1886, sun sa a aikace sai jirgi mai tutar waje ya taɓa wata ƙasa kafin ya dawo da fasinjojinsa. Dokar ba ta damu da ko akwai mutane a wurin da aka taɓa ba. Tsibirin da babu kowa a kansa ma ya wadatar, muddin na wata ƙasa ne.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, kuɗi ne. Kuɗin tikiti wani ɓangare ne kawai na abin da jirgi ke samu. Sauran daga caca ne da abin sha da kantuna da yawon da kamfani ke sayarwa. A yawancin tashoshi, muddin jirgi na tsaye, gidan caca da kantunan cikinsa a rufe suke. Ke nan duk awar da fasinja ya yi a cikin gari da dare, yana cin abinci a gidan abincin wata baiwar Allah, asara ce ga jirgi. Wannan ne dalilin ɗagawa da ƙarfe biyar na yamma.

Yanzu mu tambaya: wa ya zaɓi waɗannan sharuɗɗa? Mai kukan ne. Shi ne yake son ya tuƙa motarsa zuwa Mayami ko Port Canaveral ya hau jirgi ba tare da ya biya kuɗin jirgin sama ba. Shi ne yake son tikiti mai arha da jirgi mafi girma a duniya. Shi ne kuma yake tara maki. A tsarin Royal Caribbean, dare ɗaya a ɗaki na gama-gari maki ɗaya ne, kuma sai mutum ya tara 700 yake kai matakin ƙoli da suke kira Pinnacle. Wanda ya kama wannan hanya ya riga ya ɗaure kansa da kamfani ɗaya da jiragensa da tashoshin da jiragen ke iya shiga. Akwai jiragen da ke tashi daga San Juan ko Bridgetown su zaga tsibiran kudu. Akwai ƙanana, irin Royal Clipper mai fasinja 227, da ke shiga lungunan da babban jirgi ba zai ko leƙa ba. Sun fi tsada, sai an hau jirgin sama kafin a kai gare su, kuma makin da mutum ya tara a wani wuri ba ya aiki a cikinsu. Mai kukan ya san da su sarai, ya ƙi su ne. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: an bar kamfani, an bar kai, an kama Nassau da laifi.

To, wace Nassau ce ma aka gaji da ita? Tsibirin New Providence, inda birnin yake, yana da mutane kusan dubu 300. Abin da mai saukowa daga jirgi ya sani a ciki shi ne ƙofar tasha, da kasuwar kayan saƙa, da wasu 'yan kantunan agogo da lu'ulu'u a titin Bay Street, sai motar da za ta kai shi otal ɗin Atlantis. A kan wannan titi dai akwai wani tsohon gini da ake kira Vendue House, inda aka riƙa yin gwanjon bayi a ƙarni na 18. Yau gidan tarihi ne mai ɗauke da sunan Pompey, bawan da ya jagoranci tawaye a tsibirin Exuma a 1830. Gaba kaɗan akwai matakala 66 da bayi suka sassaƙa cikin dutse da hannu a 1793 da 1794. A kudu maso yammacin tsibirin akwai ƙauyen Adelaide, wanda aka kafa a 1831 domin 'yan Afirkan da sojojin ruwan Ingila suka ƙwato daga jiragen bayi. Bikin Junkanoo, da ganguna da ƙararrawa da kayan ado da ake shafe watanni ana haɗawa, cikin dare ake yin sa a ranar 26 ga Disamba da ranar 1 ga Janairu. Jirgin da ya ɗaga da ƙarfe biyar yana tsakiyar teku lokacin da aka buga gangar farko.

Mutumin da ya sauka sau goma, kowane zuwa awa shida, a titi ɗaya, bai zo Nassau sau goma ba. Ya zo bakin ƙofarta sau goma. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ai sai an sa mabuɗin a ƙofa an murɗa.

Sai mu duba abin da ke faruwa idan an amsa kukan. A 2006 kamfanin Carnival ya buɗe tasha a Grand Turk, tsibirin da mutanensa ba su kai 5,000 ba a ƙidayar 2012, wato jirgi ɗaya na iya sauke adadin mutanen tsibirin gaba ɗaya. A 2011 aka buɗe tashar Falmouth a Jamaika bayan an yashe teku don manyan jirage su samu shiga. A 2015 aka buɗe Amber Cove kusa da Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika. Sababbin sunaye uku sun shiga jadawali. Wanda ya sauka a kowannensu zai tarar da fili mai shinge, da kantunan da ba a biyan haraji, da mashaya mai kiɗa, da layin motocin yawo. Kantin Diamonds International da ya gani a Cozumel shi zai gani a St. Thomas da St. Maarten da Falmouth. Falmouth gari ne mai tsofaffin gine-gine tun zamanin cinikin sukari, amma da yawa daga cikin fasinjoji a cikin shinge ake zuba su a mota a wuce da su wurin ruwan Dunn's River a Ocho Rios. Duk garin da zai karɓi mutum 6,000 cikin awa ɗaya dole a sake masa fasali, kuma fasalin ɗaya ne ko'ina. Mai neman sabon wuri da babban jirgi kamar mai ɗauke da ɗakinsa a ka ne, duk inda ya sauke shi ɗakin nan ne dai.

Kamfanonin sun fi kowa fahimtar haka, shi ya sa suka daina ɓoye-ɓoye. Tun 1977 Norwegian yake amfani da Great Stirrup Cay a Bahamas. Disney ya karɓi hayar Gorda Cay ta shekara 99, ya sauya masa suna zuwa Castaway Cay. Royal Caribbean ya zuba dala miliyan 250 a CocoCay ya sake buɗe shi a 2019. MSC ya buɗe Ocean Cay a ƙarshen wannan shekarar, Carnival kuma ya buɗe Celebration Key a Grand Bahama a watan Yulin 2025. A irin waɗannan wurare babu gari, babu mai tasin da zai yi ciniki da kai. Kujerar da ka haya da abin da ka sha duk lissafinsu jirgi yake komawa. Har a Nassau ɗin kanta, Royal Caribbean ya samu fili a Paradise Island, daura da tasha, domin wurin shaƙatawa nasa na kansa. Wato an samo hanyar da mutum zai je Nassau ba tare da ya shiga Nassau ba. Kuma waɗannan wurare suna cikin abin da kamfanoni suka fi tallatawa, domin fasinjoji na son su. Bakin da ke cewa ya gaji da maimaici shi ne yake yabon rairayin da aka share aka jera wa kujeru.

Misalin da ya fi ci mana rai shi ne Labadee, wani yanki a gaɓar arewacin Haiti da Royal Caribbean ya karɓa haya tun 1986 ya kewaye da shinge. An yi shekarun da a tallan kamfani ake kiran wurin da sunan babban tsibirin, Hispaniola, don kada sunan Haiti ya tsorata mai saye. Gaskiya ne matsalar tsaro a Haiti ba wasa ba ce, kuma tun 2024 ana ta dakatar da zuwa can. Amma ko a shekarun da ƙura ta lafa, galibin fasinjoji ba sa ƙetare shingen. Bai kai kilomita 50 daga nan ba akwai Citadelle, ganuwar da Henri Christophe ya sa aka gina a kan dutse bayan 1804, shekarar da bayin da suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu. A cikin takardun gonakin wancan zamani an rubuta ƙabilun bayin da aka kawo, kuma akwai Hausawa a ciki. Miliyoyin mutane sun taka ƙasar da wannan ya faru, suka ci gasasshen nama, suka koma jirgi, suka ƙara Haiti a jerin ƙasashen da suka "je".

Akwai wata illa da mai kukan bai ma san yana yi ba. Otal in an gina shi ya ginu, ba ya tashi. Jirgi kuwa yau yana nan, gobe yana can. Duk sabon zangon da aka buɗe sanda ce a hannun kamfani ta dukan tsohon zango. A 1999 Carnival ya janye daga Grenada a kan harajin dala ɗaya da rabi ga kowane fasinja, kuɗin da aka sa domin kula da shara. A ƙarshen 2024 majalisar dokokin Meziko ta amince da harajin dala 42 ga kowane fasinjan jirgin ruwa. Kamfanoni suka taso, aka zauna, aka sauko zuwa dala 5 daga watan Yulin 2025, za ta riƙa hawa a hankali har 21 a 2028. Idan ƙasa mai girman Meziko, wadda Cozumel kaɗai ke karɓar mata fasinja sama da miliyan 4 a shekara, ta ja da baya haka, me ake zato daga Dominica ko St. Kitts? An sha yunƙurin sa ƙasashen yankin su tsayar da haraji guda tare, ba a taɓa yin nasara ba, domin kowace na tsoron maƙwabciyarta za ta kwashe jiragen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Su kuwa kamfanonin, Royal Caribbean a Laberiya yake da rajista, Norwegian a Bermuda, duk da cewa manyan ofisoshinsu a Mayami suke.

Za a ce mana ai tsibiran na buƙatar kuɗin, kuma haka ne. Mai tasi a Nassau, da mai kitso a St. Maarten, da mai kai mutane ninƙaya a Cozumel, duk da jirgi suke ciyar da iyali, kuma 2020 ta nuna abin da ke faruwa idan jiragen suka tsaya. Ba muna cewa a kore su ba. Amma a duba lissafin. A 2024 Bahamas, ƙasa mai mutane kimanin dubu 400, ta karɓi baƙi sama da miliyan 11, kuma sama da miliyan 9 daga cikinsu ta jirgin ruwa suka zo. Baƙon da ya zo ta sama ya kwana a otal yana kashe ninki fiye da goma na abin da ɗan jirgin ruwa ke kashewa, domin shi ɗan jirgi ya riga ya biya abincinsa da gadonsa a Mayami. Cunkoson titi da shara da lalacewar murjani na gari ne, ribar kuwa ta bi ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a kuma ce mutum ya biya kuɗinsa, hutu ya zo yi, ba karatun tarihi ba. Wannan ma ba mu ja ba. Tsoho mai ciwon gwiwa da uwa mai yara uku suna da haƙƙin su nemi rairayi mai tsabta da kujera a inuwa. Wanda ya ce shi jirgin yake so, ko'ina aka tsaya daidai ne, ya faɗi gaskiya, kuma ba da shi muke ba. Muna magana ne da wanda ke son ya riƙe jirgin mutum 7,000 da tikiti mai arha, sannan ya buƙaci a riƙa kawo masa sabon gari kowace shekara kamar yadda wayarsa ke kawo masa sabon bidiyo in ya ja yatsa. Garuruwan nan akwai mutane a cikinsu.

Mutanen kuma sun fara magana. A watan Nuwamban 2020 mazauna Key West a Fulorida suka kaɗa ƙuri'a cewa kada a sauke fiye da mutum 1,500 a rana. A 2021 majalisar jihar ta soke abin da suka zaɓa. Daga 2022 tsibiran Polynesia na Faransa, a tekun Pasifik, suka hana jirage masu fasinja sama da 3,500 tsayawa, Bora Bora kuma ta taƙaita masu sauka zuwa 1,200 a rana. A watan Afrilun 2025 aka tambayi mutanen tsibiran Cayman ko a gina dandamalin manyan jirage, mafi yawansu suka ce a'a, alhali sun san hakan na nufin wasu jiragen za su daina zuwa. Mai kukan rashin sabon zango ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa me waɗannan mutane suka gani a maƙwabtansu har suka zaɓi haka.

Idan da gaske bambanci ake nema, abin roƙo shi ne lokaci. A roƙi jirgi ya kwana. A Bermuda, can arewa a tekun Atlantika, jiragen da ke zuwa daga New York da Boston sukan yi kwana biyu ko uku a tsaye, fasinja ya hau motar haya ta gari, ya ci abincin dare a Hamilton, ya dawo ya kwanta a jirgi. Har doka ƙasar ta yi a 2013 ta ba jirage damar buɗe gidan cacarsu da dare a tasha, don kada kwanan ya zame musu asara. Ke nan abu ne mai yiwuwa idan gari da kamfani suka zauna, kuma masu tara maki 700 su ne mutanen da kamfani ya fi jin maganarsu. Da za su mayar da rabin kukan da suke yi a kan sababbin sunaye zuwa neman dare ɗaya a Nassau ko San Juan, da jadawali ya sauya. Su kuma gwamnatocin tsibiran, ranar da suka yarda su tsayar da haraji guda, ranar ce barazanar janye jirgi za ta rage kaifi, domin lissafin nan na dare bakwai da ya ɗaure fasinja ya ɗaure kamfani ma: daga Mayami babu wani teku mai ɗumi da za a je a dawo cikin mako in ba nasu ba.

Kafin wannan rana ta zo, akwai abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Daga ƙofar tashar Nassau zuwa Vendue House tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Wanda zai yi zuwa na goma sha ɗaya ya sauka, ya wuce kantin agogon, ya shiga ya karanta abin da aka yi a wannan ɗaki. In ya fito ya tari tasi zuwa Arawak Cay ya ci soyayyen kifi, ya biya da hannunsa, ya tambayi mai tasin inda ya taso.